Tarihin 'Yar Tsana, Daga Lakar Kududdufi Zuwa Lakar Kanti

Manya sukan raina 'yar tsana, su ce ai wasan yara ce, abin da za a taka a tsakar gida a share da tsintsiya. Amma Hausawa sun ce wasa farin girki. Yarinyar da ta goya 'yar tsana yau ita ce za ta goya ɗa gobe, yaron da ya murza laka ya fitar da sa mai ƙaho kuwa shi ne wata rana zai riƙe gizago, ko guduma, ko allura. Saboda haka tarihin 'yar tsana ya cancanci a rubuta shi, gama a cikinsa ake ganin yadda hannun mutane ya koyi aiki, da kuma yadda yake iya mantawa da shi.

Ƙasar Gumel da lakarta

Gumel tana arewa maso gabas da Kano, tafiyar mil 75 ko kusa da haka. Mangawa ne suka kafa sarautarta wajen shekarar 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma, ba da daɗewa ba kuma ta zama mai bin Barno. Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo bai shigar da ita daular Sakkwato ba. A shekarar 1845 aka ta da fada daga Tumbi, wadda yanzu take cikin ƙasar Nijar, aka zauna a Gumel. Ta sha gwagwarmaya da Haɗeja da Damagaram, har Sarki Ahmadu ya karɓi mulkin Turawa a 1903. Da aka yanki Jihar Jigawa daga Kano a 1991, masarautar ta faɗa cikinta, da ƙananan hukumominta huɗu, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Ƙasar kuwa ta rairayi ce, ta gero da wake da gyaɗa da riɗi. To, rairayi ba ya ginuwa, ko an jiƙa shi an dunƙula, da ya bushe sai ya warwatse. Don haka mai neman laka a wannan ƙasa sai ya san inda take. Tana bakin kududdufi, inda aka haƙi ƙasar ginin gidaje, tana ƙarƙashin tafki da fadama, akwai kuma ƙasar suri, wadda gara ta riga ta tace. Idan damina ta wuce, ruwa ya fara janyewa, sai laka ta bayyana a gefe, mai santsi, mai danƙo. Magina tukwane suna da wuraren da suke haƙar yumɓunsu, yara kuwa duk inda suka samu nan ne nasu.

Yadda yara ke gini

Tun kaka da kakanni yaran ƙasar Hausa su suke yi wa kansu kayan wasa, har yanzu kuma ana samun haka a ƙauyuka. Maza sukan gina shanu da dawaki da raƙuma da laka. Su yi wa sa tozo, su kafa masa ƙaya a maimakon ƙaho, su ɗora wa doki mahayi, kāna su jera su a inuwa su bushe. Wanda ya ajiye nasa a tsakar rana yakan tarar da shi ya tsattsage, daga nan ya gane laka ba ta son gaggawa. Wanda ya lura da magina yakan ga suna cakuɗa yumɓu da ƙaiƙayi ko dakakken tsingaro don kada ya fashe, shi ma ya gwada. Da kara kuwa ake yin doki, daga baya da motoci suka zo aka shiga yin motar kara.

'Yan mata su ne masu 'yar tsana. Wata ta laka ce, wata ta kara ko totuwar masara, wata ta ƙashin ƙafar akuya, wata ta tsumma. A yi mata gashi da zare a kitse shi, a ɗaura mata ƙyallen da aka roƙo wurin tela, a sa mata tsakiya a wuya. Mai ita ta goya ta da majanyi, ta yi mata wanka, ta lallashe ta, ta gina mata 'yan tukwane da 'yar tanda na wasan tuwon ƙasa. Idan ƙawaye suka taru sukan yi bikin 'yar tsana, wannan ta kawo amarya, waccan ta kawo ango, a kai lefe, a sa lalle, a kai amarya, a kai gara, ba abin da za a tsallake cikin abin da suka ga iyayensu mata na yi.

Mai karatu zai lura abu biyu yarinya ke koyo a nan. Na ɗaya reno da al'adun zaman gida. Na biyu ƙira, watau ta dubi abu da ido, ta auna shi a zuci, ta fitar da shi da yatsu. Wannan na biyun shi ne ba a cika kula da shi ba, shi ne kuwa tushen kowace sana'ar hannu.

Tun yaushe ake wannan?

Laka in ba a gasa ta ba, ruwan sama ɗaya ya ishe ta komawa ƙasa. Amma wadda ta shiga wuta takan yi shekaru dubbai, ita ce kuma take ba da shaida. A ƙasar Barno, wadda Gumel ta daɗe tana bi, an haƙo irin wannan shaida. A shekarun 1965 da 1966 wani masani na Jami'ar Ibadan, Graham Connah, ya haƙa wani tsohon kufai mai tudu a Daima, kusa da tafkin Cadi, tsawonsa ya fi ƙafa 30. Mutane sun zauna a wurin tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu. Cikin abin da ya samu har da 'yan dabbobi na gasasshiyar laka, musamman shanu, da yawansu ba su da tozo. Bayan 1990 kuma masanan Jami'ar Maiduguri da na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka haƙa a Gajiganna, suka sami 'yan siffofin dabbobi da na mutane waɗanda suka haura shekara 3,000. Wasu masana na ganin daga cikin irin waɗannan akwai kayan wasan yara. Ke nan yaron da ke gina sa a bakin kududdufin Sule Tankarkar ya gaji aikin da ya girmi Gumel kanta nesa ba kusa ba.

Kudu da nan, a Nok ta Jihar Kaduna, masu haƙar kuza sun fara tono siffofin gasasshen yumɓu a 1928, a 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum da aka samu kusa da Jama'a, daga nan bincike ya kankama. Waɗannan manya ne, ba na wasa ba ne, sun kuwa fi shekara 2,000. Abin lura gare su shi ne maginansu sun bar cikinsu rami, sun huda ido da hanci da baki, ta yadda zafi zai sami mafita a wurin gashi. Wannan dabara ta barin rami a ciki za a sāke haɗuwa da ita nan gaba.

Abin da malamai suka ce

Mutanen Gumel Musulmi ne, ba kuwa mai son a ce ɗiyarsa tana wasa da gunki. Malamai sun daɗe da duba wannan mas'ala. Ya zo cikin Sahihul Buhari cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ba a hana ta ba. Cikin littafin Abu Dawuda kuma an ambaci cewa a cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai. Alƙali Iyali, babban malamin Malikiyya mai littafin Ashafa, wanda ya rasu a 1149, ya tafi a kan halaccin 'yar tsana ga 'yan mata, domin su saba da reno tun suna ƙanana. Akwai malaman da suka fi son a bar fuskar ba a fayyace ta ba, akwai kuma bambanci a wurinsu tsakanin abin wasan yara da siffar da aka kafa don ado ko girmamawa. Irin wannan bambanci ne ya sa a 2021 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta hana masu shaguna kafa mutum-mutumi don tallar tufafi. Wanda ke son ɗaukar wannan aiki sana'a, kyawunta ya fara zama gaban malaminsa.

'Yar tsana mai gaɓoɓi

'Yar tsanar laka ta gargajiya sandararriya ce, ba ta zama, ba ta ɗaga hannu. Tun zamanin da mutane suke neman dabarar da za ta sa ta motsa. A ƙasar Girka, wajen shekara 2,400 da suka wuce, magina na birnin Koranti da na Atina suna gasa 'yan tsana na yumɓu, jiki dabam, hannuwa da ƙafafu dabam. Sukan huda kafaɗa da ƙugu tun laka tana ɗanya, bayan gashi su zura zare ko waya su ɗaure, sai gaɓoɓin su riƙa lilo. Al'adarsu ce budurwa in za ta yi aure ta rabu da 'yan tsanarta, ta kai su ɗakin bautarsu, alamar ta bar ƙuruciya.

A birnin Rum ta Italiya, a shekarar 1889, ana haƙa harsashin ginin babbar kotu sai aka tarar da kabarin wata budurwa mai suna Crepereia Tryphaena, wadda ta mutu wajen shekara 1,850 da suka wuce. A gefenta akwai 'yar tsana ta hauren giwa, tsawonta kamar inci 9, tana lanƙwasa kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu da gwiwar ƙafa, ga kuma 'yan matajai da madubinta. Tana nan ajiye a gidan tarihi na birnin.

Maƙwabtan Gumel su ma suna da tasu dabarar motsa 'yar tsana, ko da yake tasu ta kallon jama'a ce. A Barno akwai wasan da ake kira dogodogo, wanda wani Bature, R. E. Ellison, ya rubuta bayaninsa a 1935. Mai wasan yakan ɓuya a ƙarƙashin babbar riga da aka kafa kamar tanti, ya sa 'yan tsana a hannu ya miƙo su sama, su yi magana, su yi faɗa, jama'a na dariya. Hausawan Nijar suna kiran irin waɗannan ɗiyan dabo.

Gaɓa mai ƙwallo kuwa a Turai ta yi ƙarfi. Wajen 1880 ma'aikatun Faransa, irin su Jumeau, da na lardin Turingiya a Jamus, irin su Kestner, suna fitar da 'yan tsana masu kan tangaran, jikin kuwa na katako ne da cakuɗen takarda da manne. A kowace gaɓa sun sa ɗan ƙwallon katako, suka ratsa jikin da igiyar roba mai talewa. Bambancinta da ta Girka shi ne, waccan tana lilo ne kawai, wannan kuwa duk yadda aka ajiye hannunta haka zai tsaya.

Zuwan kayan kanti

A shekarar 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru, ta ratsa ta Gagarawa. Gyaɗa da fatu suka riƙa fita, kayan kanti suka riƙa shigowa, atamfa da kwanonin sha da fitilu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, ma'aikatun duniya suka koma yin kaya da roba, gama tana da araha, ba ta fashewa. Sannu a hankali bokitin roba ya rage wa tulu kasuwa, kwanon roba ya rage wa ƙwarya da akushi. 'Yar tsana ma ba ta tsira ba. A 1959 kamfanin Mattel na Amurka ya fitar da Barbie, ta bazu duniya, masu kwaikwayonta suka yi yawa. Daga bisani ƙasar Sin ta zama ita ce ke ƙera mafi yawan kayan wasan yara na duniya, su ne kuwa ake gani shimfiɗe a kasuwannin Kano, da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, tare da sauran kayan koli.

'Yar tsanar roba tana da kyan gani, tana jure wanka, ba laifi a saya wa yarinya. Amma akwai hasara iri biyu a tattare da ita. Ta farko, mafi yawansu farar fata ne da gashin da bai yi kama da na mai goyon ba. Wannan ya sa a 2007 wani ɗan kasuwa na Ikko, Taofick Okoya, ya fito da 'yan tsana baƙaƙe masu tufafin Nijeriya, ya kira su Queens of Africa, cikinsu har da mai wakiltar Hausawa. Hasara ta biyu ta fi wuyar magani. Yarinyar da aka saya wa tana koyon reno, amma ƙira ta wuce ta, domin an riga an gama mata kome a ma'aikata.

Lakar roba

Abin mamaki, a cikin robar nan kuma aka sami hanyar komawa ga aikin hannu, labarin kuwa ya faro daga wata uwa. A Jamus, a shekarar 1905, 'yar wata mata mai suna Käthe Kruse ta nemi 'yar tsana. Uban, wanda shi kansa masassaƙi ne, ya duba na kanti bai ga wadda ta gamshe shi ba, ya ce su yi tasu. Uwar ta cika tawul da rairayi, ta ƙulle kusurwoyinsa suka zama hannuwa da ƙafafu, ta yi kai da dankali. Daga wannan ta ci gaba da gyarawa har ta zama mashahuriyar mai yin 'yan tsana, da ma'aikata tata ta kanta.

A 1939 wata 'yarta, Sofie Rehbinder, wadda ake yi wa laƙabi da Fifi, ta shiga gwada wani sabon haɗin roba da aka kawo ma'aikatar. Ta yi ta cakuɗawa har ta sami abu mai murzuwa kamar laka. A 1954 ta fara sayar da shi, a 1964 kamfanin Eberhard Faber ya sayi sirrin haɗin, a 1966 ya fito kasuwa da suna Fimo. A Amurka ma aka fitar da irinsa mai suna Sculpey. Wannan ita ce lakar roba. Yawanci babu ƙasa a cikinta. Garin roba ne irin wadda ake yin bututun famfo da ita, watau PVC, aka kwaɓa da wani mai da launi. Iska ba ta busar da ita, mai aiki yana iya ajiyewa ya dawo bayan mako ya ci gaba. Ba ta ƙanƙara sai an gasa ta a zafin digiri 110 zuwa 130, watau kaɗan ya ɗara na tafasar ruwa, alhali tukunyar yumɓu tana bukatar fiye da digiri 600.

A 1999 kamfanin Volks na birnin Kiyoto a Japan ya fitar da manyan 'yan tsana masu gaɓoɓin ƙwallo, tsawonsu kusan ƙafa 2, da suna Super Dollfie. Manya ne masu sayensu, suna da tsada ƙwarai. Kamfanonin Koriya da Sin suka bi sahu. Masu sha'awa da yawa da suka ga kuɗin ya fi ƙarfinsu, ko suna son siffar da babu a kasuwa, sai suka ɗauki lakar roba suka shiga yin nasu a gida.

Ga yadda suke yi. Da fari a zana 'yar tsanar a takarda, gaba da gefe, a yanke inda kowace gaɓa za ta kasance. Sa'an nan a gina kai da ƙirji da ƙugu da cinya da ƙwauri da damtse, kowanne dabam, a kan wani abin da za a zare daga baya, domin a bar rami a ciki, kamar dai yadda maginan Nok suka yi. A bakin gaɓa ɗaya a yi ƙwallo, a bakin abokiyarta a yi gurbin da ƙwallon zai zauna daidai, a tsaga ƙwallon don igiya ta sami hanyar kai da kawowa. A gasa, a goge, a gwada, in bai zauna ba a ƙara laka a sāke gasawa. Daga ƙarshe a zura igiyar roba biyu, ɗaya daga kai ta gangara ta rabu zuwa idon sawu biyu, ɗaya daga wuyan hannu ta ratsa ƙirji zuwa ɗaya wuyan hannun, a maƙale su da 'yan ƙugiyoyi. Jan igiyar shi ke danna ƙwallo cikin gurbi. In ta yi sako-sako 'yar tsana ta zube, in ta yi tsauri laka ta tsage. Akwai kuma kashedi. Lakar roba in zafi ya yi mata yawa takan ƙone ta fid da hayaƙi mai cutarwa, ba a kuma gasa ta a kwanon abinci, ƙananan gaɓoɓinta kuwa a nisanta su daga jariri.

Abin da ya rage ga mutanen Gumel

Lakar roba daga waje ake kawo ta, da kuɗi ake saye, tana kuma son tanderu mai ma'aunin zafi. Ba kowane gida ne a Gagarawa ko Maigatari zai iya wannan ba, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Amma wanda ya bi tarihin nan ya ga cewa dabarar gaɓoɓi ta riga roba da shekaru fiye da 2,000, da yumɓu aka fara ta. Yaro na iya gina jiki da hannuwa da ƙafafu dabam dabam, ya huda su da tsinke tun laka tana ɗanya, ya bar su su bushe a inuwa, ya roƙi magini ya sa masa su cikin wutar tukwane, kāna ya ɗaure da zare. Ba a kashe ko kwabo ba, ga shi kuwa ya koyi awo da haƙuri da sanin halin ƙasa da wuta. In ya girma ya sami lakar roba, hannunsa ya riga ya faɗa. In bai samu ba, abin da ya koya yana nan, zai amfane shi a gini ko sassaƙa ko ɗinki ko gyaran inji.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da ya ga ɗansa ya dawo daga bakin kududdufi da laka har gwiwar hannu, kafin ya ɗauki bulala ya fara duba abin da yaron ya gino. Uwa kuma ta ajiye wa ɗiyarta ƙyalle da zare. Malaman makaranta su ba aikin laka lokacinsa kamar yadda suke ba lissafi. Sarakunan Gumel sun tsare ƙasarsu daga maharan Damagaram da ganuwa da dawaki, tsaron sana'ar hannu kuwa a tsakar gida yake, a hannun iyaye. Allah ya shirya zuriya, ya sa albarka a hannuwansu.